Za mu kai yara Epcot, me Musulmi zai iya ci a ɓangaren Jamus?

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya, ta ce za su je hutu Orlando ita da maigida da yara huɗu, mai shekara 14 da mai 11 da mai 8 sai autan mai 5, sun ware kwana guda saboda Epcot, wurin shaƙatawa na kamfanin Disney da ke can jihar Fulorida ta Amurka, to babban ɗan ya ga bidiyon gidan abincin nan na Jamusawa wato Biergarten inda ake kiɗa ana cin abinci ya nace sai an je. Tana so ta san ko akwai abin da za su iya ci a wurin, ko kuwa wurin 'yan giya ne kawai.

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na yi shekaru ina aikin kicin a wani otal a kudancin Jamus, yankin Babariya, abincin nan da hannuna na dafa wasu na ga yadda ake haɗa wasu, kuma Epcot ɗin na shiga ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake tsakani da Allah. A takaice dai ɓangaren Jamus ku shiga ku zaga, wuri ne mai kyau yara za su ji daɗi sosai, amma zama cin abinci a cikin Biergarten ga iyali Musulmi irin naku ni ban cika ba da shawara ba, idan kuma an matsa sai an je to akwai yadda ake yi.

Ki fara gane yadda wurin yake. Epcot an buɗe shi ranar 1 ga Oktoba 1982, a bayansa akwai wani tafki babba da aka jera ƙasashe 11 a kewaye, kowace da gine-ginenta da shagunanta da abincinta, zagayen tafkin ya kai wajen kilomita 2 a ƙafa, ki tanadi takalmi mai taushi. Jamus tana tsakanin Chaina da Italiya. Kina shiga za ki ga fili an shimfiɗa duwatsu, tsakiya akwai famfon ruwa da gunkin wani mahayin doki yana sukar dodo, sama ga agogo mai ƙararrawa, can ƙurya a ƙarƙashin ginin da ya yi kama da fadar sarakunan da nan ƙofar Biergarten take. Ciki kuma an yi shi kamar dandalin ƙauye da daddare, ko da azahar kika shiga duhu-duhu ne da wata a sama da fitilu a tagogin gidaje, tebura dogaye hawa-hawa suna kallon dandamali. Makaɗa na fitowa lokaci-lokaci da gajeren wandon fata, da akodiyon da ƙahonin tagulla, akwai wani dogon ƙaho na katako da sai an ɗora bakinsa a ƙasa, kamar kakakin fada amma ya fi shi tsawo da kauri, sai kuma ƙararrawar wuyan shanu da suke jerawa a tebur suna fitar da waƙa da su. Yara na sauka gaban dandamali su yi ta tsalle. Gaskiya abin da ɗanki ya gani a bidiyo ba ƙarya ba ne, wurin na da armashi.

Amma kinga sunan ma kansa ya faɗa miki komai, Bier giya ke nan, Garten kuma lambu, lambun shan giya. Asalinsa a Babariya masu dafa giya ne ke haƙa rumbuna a ƙarƙashin ƙasa don ta yi sanyi, su shuka bishiyoyi a sama saboda inuwa, sai mutane suka fara zama a gindin bishiyoyin suna sha, har a 1812 sarki ya ba su izinin sayarwa a wurin. Shi kuma wannan na Epcot kwaikwayon bikin Oktoberfest yake yi duk shekara ba hutu, bikin da ya samo asali daga ɗaurin auren yarima Ludwig da gimbiya Therese a birnin Munik a watan Oktoba 1810, yanzu kuma ya koma bikin giya mafi girma a duniya, mutum wajen miliyan 6 ke zuwa. Kofin da ake shan giya da shi a can lita guda cur yake ɗauka, kuma irinsa za ki gani a teburan Biergarten. A tsakiyar kiɗan akwai inda makaɗa ke cewa kowa ya ɗaga kofinsa sama a yi waƙar gaisuwar sha tare, duk ɗakin ya amsa. To yaranki na zaune suna kallo, wannan ki sa shi a lissafi tun daga gida.

Sannan a da teburan na haɗaka ne, mutum takwas suke ɗauka, idan ba a cika takwas ba akan haɗa iyali da wasu baƙi. Ku shida ne, ke nan kujera biyu ta rage, in har yanzu haka ake yi ba mamaki a zaunar da miji da mata kusa da ke kowanne da ƙaton kofinsa. Ni ba malama ba ce amma kin san hadisin da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake shan giya a kansa, wannan ke da maigida za ku tattauna ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Abin da zan iya cewa ta ɓangarena shi ne ana iya roƙo a wajen masu tarbar baƙi a ce ana son tebur na iyali kaɗai, da rana lokacin da ba cunkoso ya fi sauƙin samu, amma roƙo ne ba dole ba.

Yanzu abincin, nan ne nake so ki nutsu sosai don nan ne mutanenmu ke faɗawa ba su sani ba. Kowa ya san sosej ɗin Jamusawa alade ne, bratwurst da sauransu, wannan ba mai taɓawa. Matsalar ita ce a girkin Jamusawa alade ba nama ba ne kawai, shi ne kayan ɗanɗano, yadda mu muke jefa daddawa a miya haka su suke jefa Speck, wato kitsen alade mai ɗan nama da aka kyafe aka yanka ƙanana-ƙanana. Watan farko da na fara aiki a otal ɗin nan, da aka tashi cin abincin ma'aikata sai na kauce wa nama gaba ɗaya na ɗebi kabeji da dankali ina ganin na tsira, na kai loma uku ko huɗu sai wata dattijuwa da ke wanke-wanke ta riƙe min hannu ta ja ni wajen tukunya, ta sa ludayi ta ɗago ƙasan, sai ga 'yan gutsattsarin nan jajaye-jajaye sun narke sun bi kabejin, a ido sai ki rantse soyayyiyar albasa ce. Ranar na yi kuka, daga ranar kuma ban ƙara cin komai a kicin ɗin ba sai na ga farkon girkinsa. Shi ya sa nake ce miki kar ki yarda da ido a bufe ɗin Biergarten, wato layin abincin da ake jerawa kowa ya ɗiba da kansa.

Sauerkraut, wato kabejin da aka yanka siri-siri aka sa gishiri aka rufe ya yi tsami, shi kansa ba komai, amma idan za a kawo shi da zafi sau da yawa da Speck ake dafa shi wani lokaci har da farar giyar inabi. Jan kabeji mai zaƙi-zaƙi da ake dafawa da tuffa, a gargajiyance da kitse ake fara soya shi kuma wasu na zuba jar giyar inabi. Salak ɗin dankali mai ɗumi, wanda ba mayonis sai ruwan khal, shi ma kusan kullum akwai naman aladen a ciki. Schnitzel, naman da ake bugawa ya yi faɗi kamar za a yi kilishi a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya, idan aka ce Wiener Schnitzel a Jamus to naman maraƙi ne, amma wanda aka fi sayarwa ko'ina na alade ne kuma na Biergarten ma na alade ne, an lulluɓe shi da garin burodi ba za ki bambance shi da kaza ba. Sauerbraten naman sa ne, sai mutum ya ji sanyi a ransa, alhali kwanaki ake jiƙa shi a ruwan khal da kayan ƙamshi kuma galibi da jar giyar inabi. Akwai miyar cuku da ake dafawa da giya, takan fito a bufe ɗin. Ko sosej aka ce miki na sa ne ko na kaza ki tambayi hanjin da aka ɗura shi a ciki, don sau tari hanjin alade ne.

Za ki ji wasu na cewa ai giya na ƙonewa a wuta. Ba ta tafiya duka kamar yadda ake zato, alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dafawa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan, sai an kai awa biyu da rabi kafin ta sauko zuwa wajen kashi 5.

Kayan zaƙi ma ba a bar su ba. Kek ɗin Black Forest mai cakulet da kirim da 'ya'yan ceri, asalin girkinsa da wata giya mai ƙarfi da ake kira Kirschwasser ake jiƙa shi, a Jamus ba ya amsa sunan ma in babu ita. Apfelstrudel, tuffa da kirfa da zabibi a naɗe cikin ƙullu mai siriri, yana da daɗi ƙwarai da miyar banila a kai, sai dai wasu masu girkin na jiƙa zabibin a giyar rum. Ba ina cewa duk na Epcot haka aka yi su ba, a wurin da yara ke ci da yawa ana sauƙaƙa girki, amma abu ne da ake tambaya ɗaya bayan ɗaya.

To me ya rage? Spätzle na nan, ƙullun fulawa da ƙwai ake tsiyayawa a tafasasshen ruwa gutsu-gutsu, kina gani za ki tuna ɗanwake, a tsame a juya da bota. Akwai taliya da cuku da aka gasa a oban da suke kira Nudelgratin, yara na sonta. Akwai burodin pretzel, salak ɗin kokwamba da na tumatir, gasasshen dankali, miyar tuffa, wani lokaci da kifi. Akwai gasasshiyar kaza, sai dai ba yankan Musulmi ba ce, wannan kuma ya danganta da fahimtar gidanku a kan yankan ahlul kitabi, ni dai ba na ci. Kin ga ke nan an koma taliya da dankali da ganye.

Sai ki haɗa da kuɗin. Bufe ne, kai ake biya wa ba faranti ba, babba ya kan kai wajen dala 50, kuma a lissafin Disney yaro shi ne daga shekara 3 zuwa 9, da ya cika 10 ya zama babba. Ke nan mai 14 da mai 11 kuɗin manya za ki biya musu, manya huɗu yara biyu, a ɗora haraji kashi 6.5, sannan da yake kun kai mutum shida tukuicin ma'aikata kashi 18 kai tsaye ake sa shi a takardar kuɗi ba sai an tambaye ki ba. Idan kika tara zai haura dala 300. Rabin abin da ya sa kuɗin ya kai haka nama ne da ba za ku taɓa ba. Wannan shi ne babban dalilina, ko da an ajiye maganar giya gefe, kuɗin bai dawo da kansa ba.

Idan duk da haka yaron ya kafe kuma maigida ya ce a je, to ga yadda zan yi in ni ce. Ana buɗe kama wuri kwana 60 kafin ranar a manhajar My Disney Experience, ki kama na rana da wuri, kamar sha biyu zuwa ɗaya, lokacin iyalai ne suka fi yawa kuma ba a fara nisa da sha ba, ga shi kun tsere wa zafin Fulorida na tsakar rana kun shiga sanyi. Wajen kama wurin akwai inda ake rubuta buƙatar abinci ta musamman, ki rubuta, kuma ki tuntuɓi sashen da ke kula da wannan tun da sauran kwanaki ki nemi abincin halal, aƙalla awa 24 suke so a ba su, ki tambaya takamaimai me za su kawo. Ranar kuma kuna zama ki ce wa mai kula da teburinku kina son ganin shef. Kar ki ji kunya, aikinsu ne kuma sun saba saboda masu alaji, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar wasu abinci, zai fito ya bi layin bufe da ke tire bayan tire. Kar ki ce masa halal kawai ki yi shiru, da yawa ba su san iyakar kalmar ba, ki faɗa masa dalla-dalla: ba alade, ba kitsensa, ba romonsa, ba giya ko ta girki ce, ba jelatin, wato abin daskarar da kayan zaƙi da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Ki kuma roƙa a zubo muku daga kicin kai tsaye, don a kan layi mutane na ɗaukar cokalin sosej su tsoma a dankali su mayar, kowane bufe haka yake ba mai iya tsare wannan. In kuma kuka fasa zuwa ki soke da wuri, rashin zuwa ba sanarwa dala 10 ne a kan kowane mutum.

Masu hidimar da yawansu matasan Jamusawa ne da suke zuwa aikin shekara guda, sunan garinsu na rubuce a bajen ƙirjinsu. Jamus na da Musulmi miliyoyi, Turkawa musamman, don haka in kika ce musu "kein Schwein, kein Alkohol", wato ba alade ba giya, nan take sun gane inda kika dosa, da yawa sun tashi da abokai Musulmi a makaranta. Ki riƙe kalmomin nan ma, Schwein alade, Schinken da Speck duk alade ne, Rind sa, Hähnchen kaza.

Ɓangaren sha, lemo irin su Coke da shayi suna cikin kuɗin bufe. Abin da nake so ki ja kunnen manyan yaranki a kai shi ne wani abin sha mai launin hoda da za ki ga mutane na yawo da shi a kofin roba ko'ina a filin, sunansa Schöfferhofer Grapefruit, ƙamshinsa na lemon taba ne kuma a ido jus ne sak, alhali giyar alkama ce aka gauraya da ruwan lemo, kashi 2.5 na barasa ke ciki. Ba za a sayar wa yaro ba tunda dokar Amurka sai shekara 21 kuma suna duba kati, amma babba da bai sani ba zai iya nunawa da yatsa ya ce a ba shi irin wancan. Haka Radler, sunan bai nuna komai ba amma giya ce da lemo rabi da rabi. Ko an rubuta alkoholfrei a kwalba, a ƙa'idar Jamus yana iya ɗaukar har kashi 0.5. Wanda ba shi da matsala shi ne Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwa mai gas, in kin samu ki sha, shi yaran Jamus ke tashi da shi. Ruwan sanyi kuma kyauta ne a duk kantin abinci na tsaye, ki ce a ba ki kofin ruwa da ƙanƙara.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku ci ƙoshi a wani wurin, ko ku shigo da naku, Disney na barin mutum ya shiga da abincinsa da abin sha in dai ba giya ba ce kuma ba a kwalbar gilashi ba, a Orlando kuma akwai shagunan halal da gidajen abincin Larabawa da Indiyawa da za ki yi guzuri tun dare. Sai ku zo Jamus don zagayawa da ɗan taɓa-ka-lashe. A bakin filin akwai shagon Karamell-Küche na masu alewar Werther's Original, an buɗe shi a 2010, tun daga nesa ƙamshin bota da sukari zai ja ki, a gabanki suke juya gugguru a cikin narkakkiyar alewa su zuba miki da ɗuminsa. Leda biyu ta ishe ku ku shida. A shagon ki kauce wa duk abin da aka haɗa da mashmalo sai kin tambaya, saboda jelatin, haka alewar roba ta Haribo da za ki gani a shaguna, wadda ake yi a Jamus da jelatin alade ake yi, wadda ake yi a Turkiyya ce ake yi da jelatin shanu, ki juya ledar ki karanta.

Kusa da ƙofar Biergarten akwai ɗan kanti na tsaye mai suna Sommerfest, yawancin abincinsa sosej ne, amma akwai ƙaton pretzel da ya kai faɗin faranti. Ɓawonsa mai duhu da ɗanɗanon nan na daban daga ruwan soda mai kaifi ne da ake tsoma ƙullun kafin a gasa, kusan aikin da kanwa ke yi mana. A wasu gidajen burodi a Jamus akan sa kitsen alade a ƙullun, don haka ko shi ki ce a duba miki takardar kayan haɗi, suna da ita a kowane kanti. Kuma abin da aka sa wa alamar ɗan koren ganye a menu ba kayan dabba a cikinsa sam, sai dai alamar ba ta magana a kan giya, wannan tambaya ce daban.

Kafin ku wuce Italiya ku tsaya a ɗan ƙauyen jiragen ƙasa na wasa da ke gefen hanya, ƙananan gidaje da gadoji da jirage na zagayawa, autanki zai iya rabin awa a wurin bai gaji ba, kuma ba ko sisi. Akwai shagon kayan wasa mai 'yan tsanar Steiff ma, sai dai tsada. Shagon Weinkeller na giyar inabi ne, ku wuce shi. Kar ki ɗauka kuma tunda akwai ɓangaren Maroko a gaba to duk naman can halal ne, ginin kam masu sana'a ne daga Maroko suka ƙawata shi a zamanin Sarki Hassan na biyu, amma nama sai an tambaya kamar ko'ina.

Ba ki faɗi watan da za ku je ba. Idan tsakanin ƙarshen Agusta ne zuwa Nuwamba lokacin bikin abinci da giya na Epcot ne, kuma akwai wata al'ada da wasu ke yi ta bin ƙasashen nan 11 suna sha a kowace ɗaya, Jamus na daga cikin inda suka fi tsayawa. Daren Juma'a da Asabar cunkoso da hayaniya sun fi yawa a wajen, ki zaɓi Talata ko Laraba in da hali, ku gama da Jamus kafin la'asar, ki sa ƙaramar darduma a jaka ku tambayi ofishin kula da baƙi wato Guest Relations inda za ku keɓe ku yi sallah, wasan wuta na ƙarfe tara kuma ku nemi wurin tsayuwa ta wajen Japan ko Kanada.